Ranar da na ja zanen Inna

Duk abin da shekaru za su share mini daga kai, akwai wani yammaci guda da na san ba za su iya da shi ba. In na bi sawunsa baya kuwa, inda nake tsayawa kullum shi ne ƙarar ludayi a bakin ƙwarya. Ƙwas, ƙwas-ƙwas. Ƙwas, ƙwas-ƙwas. Ina cikin madafa ina tankaɗe, wayata na rataye a ƙusa tana waƙa, sai na ji wannan ƙara tana zuwa daga gindin bishiyar bedi, inda Inna ke dama fura. Da farko na zaci kaza ce ke saran ƙwarya. Da na saurara sai na ji bugun yana bin waƙar sau da ƙafa, bai wuce ta ba, bai bar ta ta wuce shi ba.

Sai na gaya muku halin da muke ciki kafin ku gane dalilin da ya sa na saki rariya na fito da gari a hannu. Inna mahaifiyata ce. Bayan rasuwar Baba, da ta fita takaba, na ɗauko ta daga ƙauyenmu na bayan Tamaske na kawo ta wurina a Keita. Maigidana yana ci-rani a Abijan, gidan daga ni sai ɗiyata mai shekara takwas, saboda haka wuri bai yi mana kaɗan ba. Amma matar da na ɗauko ba ita ce wadda ta raine ni ba. Innar da na sani, in tana bakin rijiya ana jin ta daga masussuka. Wannan kuwa daga "to" sai "a'a", sai salla, sai tasbaha. Na kai ta likita, suka ce jikinta lafiya lau. Wata biyar muna haka, ina roƙon Allah a kowace sujada ya mayar mini da muryar uwata.

Shi kuwa mai waƙar da ke cikin wayata, ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci rufin asiri ba, sai don ba halina ba ne. Ɗan yankinmu ne da ya tafi Yamai, daga can ya haye ƙasashen Turawa. Shi kaɗai yake waƙa da gitarsa, babu ganga, babu ƴan rawa, babu ƴan amshi. Da wannan na yi wa kaina fatawa: tunda ba rawa, kuma zancensa na iyaye ne da damina da baƙin cikin ci-rani, ai kusan wa'azi ne. Na cika wayata da waƙoƙinsa. Kuma tunda na yi kolej har na kai ajin ƙarshe, ina jin cewa ni ina gane wani abu a cikinsu da sauran matan unguwa ba su kai gare shi ba. Allah ya yafe mana.

Na iske Inna ta daina damu, ludayin na hannunta, kanta a karkace wajen madafa.

Ta ce, "Ke, wane na ka wagga waƙa?"

Na ce, "Wani yaro ne, Inna, ɗan wajenmu."

"Shi ɗai?"

"Shi kaɗai, da gitarsa."

Ta kasa kunne har baitin ya sake zagayowa. Mai waƙar ya ja murya ya ce, "Dutsen nan ya fi ni," sannan ya bar igiyoyin gita suna kuka su kaɗai na ɗan lokaci. Wannan gurbin shi ne wurin da na fi so a duk waƙar, har nakan rufe ido in ya zo. Inna kuwa ta ɓata fuska kamar wadda ta ga an bar jariri a rana.

Ta ce, "Subhanallahi. To ina masu amsa mishi?"

Ran nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba, furar ma sai da ta tsinke ba a sha ba. A shekarun da aka yi aikin poroje na gyaran ƙasa, matan yankinmu na Adar su ne suka hau tuddai suna ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su don ruwan sama ya tsaya ƙasa ta sha. Ta ce mace ba ta iya buɗe baki ta ce a taimake ta, kunya ba ta bari, sai ta yi ta kokawa da dutse har ƙugunta ya amsa. Wata rana, tana da cikina wata shida, ta tsaya kan wani dutse da ta kasa ɗagawa, sai abin ya fito mata da waƙa: "Dutsen ga ya hi ni." Wata mata daga can gefe ta mayar mata: "Ya hi ki, bai hi mu ba." Ta zo ta kama mata, suka aza shi a kan gammo. Daga ranar ya zama doka a tudun. Duk wadda dutse ya fi ƙarfinta sai ta jefa kiran, duk wadda kunnenta ya ji kuwa dole ta amsa, ta ajiye nata ta zo. Wadda ta ji ta yi kamar ba ta ji ba, da rana babu mai sa hannu a akushi ɗaya da ita.

Na ce, "Inna, ashe waƙarki ce ya ɗauka!"

Ta ce, "Waƙa gona ta, da za a ce an ci mini iyaka? Shi ɗauka mana. Amma rabi yaɗ ɗauka. Wa ka ɗaukar kira shi baro amsa?"

Kwanakin da suka biyo baya, gidana ya koma gida. Ɗiyata ta manne wa kakarta sai ta koya mata, ita kuwa ta koya mata baiti bayan baiti. In yarinyar za ta ɗaga bokitin ruwa sai ta yi kiran da gangan, ko da bokitin rabi ne, Inna ta amsa daga ɗaki tana dariya tana ce mata, "Ja'ira, raggon kaya!" Na ji dariyar uwata. Na yi sujadar godiya a ƙuryar ɗaki inda ba mai ganina.

Ana cikin haka rediyo ya sanar cewa mai gitar zai zo Keita, zai yi wasa a filin gidan matasa ranar Asabar bayan la'asar. Zuciyata ta yi tsalle irin na budurwa, abin da bai dace da uwar ɗiya ba. Na kira maigida, na jera masa bayani cewa saboda Inna ne, ko Allah zai sa ta ƙara warwarewa.

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ce kina son ganin mai gita, kar ki laƙaba ma tsohuwa. Ku tahi, amma magariba ta ishe ku gida."

Ina tsoron Inna za ta ƙi, don ba ta zuwa ko gidan biki tun rasuwar Baba. Sai ta ba ni mamaki. Ta ce, "Mu tahi mu kama mishi. Ɗan mutane na ta kira shi ɗai cikin ƙasashen mutane, babu mai amsawa." Na yi dariya na ce to. Na kuwa sani sarai, don na ga hotunan wasanninsa a waya, cewa masu sauraronsa zama suke yi tsit kamar ana karanta wasiyya. Ban gaya mata ba. Na ce a raina in na faɗa za ta fasa, in ta fasa ni ma ba ni da hujjar zuwa. Har da wani mafarki na yi da rana tsaka, wai zai ji labarinta ya kira ta gaban jama'a, a ce ga mai waƙar, ga kuma ɗiyarta da ta yi kolej.

Ranar Asabar Inna ta ciro zanenta na saƙi da take ajiya a ƙasan akwati, ta sa kwalli. Muka yi la'asar muka fita mu uku, yarinyar na riƙe da hannun kakarta. A bakin ƙofar filin akwai tsofaffin mata uku zaune jikin katanga suna sayar da gyaɗa da ɗanwake. Inna ta tsaya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar mutanen gida, ni kuwa ina ta jan ta kada kujeru su ƙare.

Ciki an jera kujerun roba. Sahun gaba na ƴan biro ne, wato ma'aikatan ofis, da matansu, bayansu malaman lakkwal, wato makarantar boko, sai samari da ƴan matan lise, babbar sakandare, da suka sha turare har ƙuda ba ya iya ratsawa. Mun samu wuri a tsakiya. Kusa da ni wani mushe ne, wato ɗan boko, mai tabarau, da ɗan littafi a cinya, wai zai rubuta abin da ya ji. Gabanmu wata budurwa tuni ta fara share hawaye, alhali ko kujerar mai waƙar ba a kawo ba.

Wani saurayi ya riƙe mikoro, abin magana, ya yi dogon jawabi da Faransanci. Ya ce ana ɗaukar wasan a fim za a kai waje, saboda haka ba guɗa, ba tafi a tsakiyar waƙa, ba tasowa a yi liƙi, ba tari ma in da hali. Ya ce artis, wato mawaƙin, yana bukatar shiru. Na ji kowace kalma, Faransancin kolej bai bar ni ba.

Inna ta taɓa ni. "Mi yac ce?"

Na ce, "Maraba yake yi mana."

Har yau in na tuna wannan amsa sai na ji kamar na haɗiyi ƙaya.

Sai ga mai gitar ya fito. Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya sha wahala wajen nuna shi talaka ne kamar wannan bawan Allah ba. Riga ce ta saƙi a jikinsa wadda ko kakana zai ce ta yi kaushi, amma agogon hannunsa na walƙiya har sahunmu. Ya naɗa rawani irin naɗin wanda ya koya a madubi. Ƙafarsa kuwa babu takalmi. Mu da muka girma muna cire ƙaya daga tafin ƙafa muna roƙon Allah ya hore mana silifa, ga wanda ya zo cikin mota mai sanyi ya tuɓe nasa a bayan labule don a ce yana jin ƙasar kakanninsa. Inna ta dube shi da tausayi ta ce, "Wayyo, ko takalmi ba shi da." Ɗiyata ta ce, "Kaka, na ga takalmansa can ƙarƙashin tebur."

Ya zauna, ya rufe ido. Muka jira. Ya murɗa kunnen gita, ya saurara, ya sake murɗawa. Ya kurɓi ruwan gora kamar mai shan magani. Ya sake rufe ido. Na rantse da a ce tukunya na aza lokacin da ya zauna, da ta tafasa kafin ya buɗe baki. Mushen da ke kusa da ni ya sunkuyo ya raɗa mini, "Madam, kin ga yadda yake gina shirun?" Na gyaɗa kai kamar na ga ginin.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, muryarsa tana da daɗi. Allah ya ba shi, ba mai ƙwacewa. Waƙarsa ta biyu, ta matar da ke jiran mijinta a tashar mota, ta taɓa ni har na sunkuyar da kai. Amma kafin kowace waƙa sai ya yi mana hudubar da ta fi waƙar tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci, kan yadda ya sha wuya, yadda ba a gane shi ba, yadda ya yi kuka a wani jirgin ƙasa. Samarin kuwa babu mai kallonsa da ido, kowa ya ɗaga waya yana kallon ɗan ƙaramin mutum a cikin gilashi, alhali ga babban a gabansa. In ya gama waƙa sai su yi wani tafi na yatsu, a hankali, kamar masu tsoron tada jinjiri. Budurwar gabanmu takan duba ko ƙawarta na ɗaukarta, sannan ta ci gaba da kuka. Inna ta yi ta gyara zama. Sau biyu tana tambayata ko rasuwa aka yi wa yaron.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da ya ce zai rufe da waƙar dutse. Wannan karon da Hausa ya yi bayanin, don haka Inna ta ji da kunnenta. Ya ce ya tsara ta ne a wata ƙasa mai ƙanƙara, shi kaɗai a ɗaki, da ya tuna uwayenmu na Adar da suka ɗauki duwatsu a ka. Ya dafa ƙirji ya ce, "Waɗannan mata ba su da murya. Babu wanda ya taɓa jin su. Ni ne muryarsu."

Na saci kallon Inna. Ko a jikinta. Gyara kallabinta kawai take yi, tana share maƙogwaro. A nan ne na gane abin da take shiri, kuma har a lokacin da sauran damar in raɗa mata gaskiya. Ban yi ba.

Ya kaɗa igiya, ya ja baitin farko, ya zo wurin. "Dutsen nan ya fi ni..."

"Ya hi ki, bai hi mu ba!"

Muryar da ta saba ratsa tudu zuwa tudu ce ta tashi daga gefena. Ba ta bukatar mikoro. Ta cika filin, ta bugi katanga ta dawo. Hannun mai gitar ya yi tuntuɓe, amma ya daure ya ci gaba, wataƙila yana zaton abin zai wuce. Da ya sake kiran, sai amsar ta zo daga wuri biyu. Inna da jikarta daga tsakiya, sannan daga bayan katanga, tsofaffin nan masu gyaɗa, su ma ashe sun hau tudun a zamaninsu. Ba su ga abin da ke faruwa ciki ba, kira kawai suka ji, suka amsa. A karon farko na ji waƙar da ƙafafunta biyu, na kuma gane cewa abin da na yi shekara ina rufe ido a kansa gurgu ne.

Sai mai gitar ya ɗora tafin hannunsa a kan igiyoyin. Komai ya tsaya.

"Silans! A yi shiru!" in ji wani daga sahun gaba. "Shhh!" ta ko'ina, kamar ana korar kaji daga shanya. Mai ɗaukar fim ya ɗaga hannuwa sama kamar an yi masa ɓarin mai. Mushe mai tabarau ya rufe littafinsa da ƙarfi ya ce, "Ga matsalarmu ke nan a ƙasar nan." Wani saurayi a baya ya ce, "Tsohuwa ta zaci gidan suna ne, a ba ta goro ta tafi!" Aka fashe da dariya. Wayoyin nan duka suka juyo kanmu.

Mai muryar marasa murya ya matso da bakinsa kusa da mikoro, ya yi wani murmushi irin na likitan da ke lallashin mahaukaci. Ya ce, "Mama, siluple, don Allah. Wurin nan na shiru ne. Shirun yana cikin waƙar. In kin bari za ki gane."

Inna ba ta gane an yi mata tsawa ba. Ta yunƙura ta miƙe, fuskarta a sake, ta ce, "Ɗana, ai kai ka kira. Mu ba mu jin kira mu ƙyale."

Dariyar ta ƙaru. Na hango matar wani ɗan biro da muka yi aji ɗaya da ita ta waiwayo, ta gane ni, ta ɗaga gira. Wannan girar ita ta ƙarasa ni. Na kai hannu na kama zanen Inna ta baya na fizga, na ce, "Inna, zauna! Ki yi shiru mana, kina ba mu kunya."

Na fizga da ƙarfin da ban yi niyya ba. Zanen saƙin ya kwance daga ƙugunta, sai da ta yi sauri ta tare shi da hannu biyu a gaban jama'a. Ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Kallo ne na wadda ke son ta tabbatar ko daga bakin da take zato maganar ta fito. Sannan ta zauna a hankali, ta ɗaura zanenta, ta haɗa hannuwa a cinya.

Wani ya fita ya tsawata wa masu gyaɗa. Mai gitar ya rufe ido ya sake ɗaukowa daga farko. Sau uku ya yi kiran, sau uku filin ya yi tsit, igiyoyi na ta kukansu. Ɗiyata ta buɗe baki a na farkon, ta dubi kakarta, ta dube ni, ta rufe. Da ya gama aka miƙe tsaye ana tafi, wannan karon da dukan hannu.

A bakin ƙofa na ji ra'ayoyin masoya, kowa na neman ya fi wani ganewa. Wata ta ce ita shirun nan ne ya kashe ta. Wani ya ce ba a taɓa yin wanda ya shiga zuciyar macen karkara kamar wannan ba. Mushe yana bayyana wa wasu samari cewa gurbin da ake bari alama ce ta kaɗaicin uwayenmu a kan tudu. Kaɗaici! Matan da suka yi dokar kada ɗayarsu ta ɗaga dutse ita kaɗai. Budurwa mai kuka kuwa ta warke sarai, tana nuna wa ƙawayenta hoton Inna a tsaye suna ƙyalƙyata.

Na bar Inna da yarinyar na kutsa cikin masu neman hoto da shi, zuciyata na tafasa. Ya riga ya sa takalmansa. Da ƙyar na kai gabansa na ce, "Malam, tsohuwar da ta amsa maka, ita ta fara jefa wannan kiran a kan tudu, tana da cikina." Ya dafa ƙirji, idonsa na kan wani a bayana, ya ce, "Allah sarki. Duk tsofaffin Adar uwayena ne. Kawo ta a yi mana hoto, zanen nan nata zai fito da kyau." Kafin in ce wani abu ya juya yana yi wa wata murmushi.

Na iske Inna a waje ta tsuguna wurin masu gyaɗa, ɗaya na ɓare mata gyaɗa tana zuba mata a hannu. Muka kama hanya. Ana kiran magariba muka shiga gida, kamar yadda maigida ya ce. Ta yi alwala, ta yi salla, ta ja tasbaha. Na kai mata tuwo ta ce, "To."

Da safe na tarar ta ɗaure ƙunshinta. Ta ce za ta bi motar kasuwar Tamaske, rumbunta na son dubawa. Rumbun da babu ko damin gero a ciki. Na roƙe ta, na ce ta bari sai maigida ya dawo, ta ce a'a. Na raka ta tasha, ta shafa kan jikarta, ta hau.

Inna ta yi shekaru bayan wannan kafin Allah ya karɓi abinsa. Na je ƙauye na durƙusa na nemi gafararta, ba sau ɗaya ba, ta ce, "Na yahe miki, ɗiyata, mi ya yi zahi?" Na kuma yarda ta yafe, don ba ta riƙo. Tana zuwa Keita da salla, tana hira daidai gwargwado. Amma ban sake jin ta ta yi waƙar nan ba, ko a daka, ko a wanki. Jikarta ta gwada jefa mata kiran sau ɗaya, ta ce mata maƙogwaronta na ciwo. Abin da na yi wata biyar ina roƙo a sujada, aka ba ni, ni da hannuna na mayar. Allah ya jiƙan ta, ya sa aljanna ce makomarta.

Abin da na koya shi ne, zagin baƙon da ya wulakanta naka abu ne mai sauƙi, har da daɗi, don yana rufe maka ido daga hannunka. Na kuma koyi cewa karatun da zai sa ka ji harshen baƙo ka ɓoye wa uwarka abin da aka faɗa, bai ƙare ka da komai ba. Amma ba ni na gano wannan da hankalina ba, kuma ba a ranar ba. Da na dawo daga tasha ran nan, haushin mai gita ne kawai a bakina. Na zauna na goge waƙoƙinsa daga wayata ɗaya bayan ɗaya, sannan na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata na fara sauke mata. Na yi masa tas. Na kwaikwayi rufe idonsa, na kwaikwayi "siluple" ɗinsa, na ba ta labarin takalman ƙarƙashin tebur har ta riƙe ciki. Na ce ɓarawon waƙa ne, mara kunya, mara tarbiyya, wanda ya ci mutuncin tsohuwa a gaban jama'a har ya kore ta daga gidan ɗiyarta.

Maƙwabciya tana ta "Ash!" da "Allah wadai," ina ƙara zuba. Ɗiyata na zaune a tabarmar kakarta, wadda ba a riga an naɗe ba. Sai da na tsaya jan numfashi ta ɗago kai. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, kamar mai tuna mini na bar tukunya a wuta.

"Mama, shi mai gitar ai bai san Kaka ba. Ke kin san ta."